Yadda numfashina ya sauya a kan dutsen Kilimanjaro

Birnin Kano bai kai mita 500 sama da teku ba, saboda haka huhun Bakano bai san ƙarancin iska ba, ko da kullum yana hawa Dala da Goron Dutse, kamar yadda na riƙa yi bayan sallar asuba kafin tafiyata Tanzaniya. Atisayen ya ƙarfafa mini ƙafafu, amma da muka haura mita 3,000 a kan Kilimanjaro, wanda tsayinsa ya kai mita 5,895, ko sunkuyawa in ɗaure takalmi sai na yi haki.

Oksijin yana nan kashi 21 cikin ɗari kamar a gida. Nauyin iskar ne ke raguwa, har ya koma kusan rabi a wajen mita 5,500, don haka kowace shaƙa oksijin kaɗan take kai wa jini. Wasu ƙananan ƙululai a jikin jijiyoyin wuya ne ke fara ganewa, su aika wa ƙwaƙwalwa ta hanzarta numfashi. Sai dai yawan numfashin yana kwashe iskar kabon da ke jini fiye da kima, tsamin jinin ya ragu kamar miyar da kanwa ta yi wa yawa, ƙwaƙwalwa kuma ta ja wa numfashin birki. Da dare na ji wannan ja-in-ja a jikina, domin numfashina yakan tsaya na ɗan lokaci, in farka a firgice ina jan iska da ƙarfi cikin tanti mai sanyi.

Ƙoda ce ke raba gardamar, ta hanyar fitar da sinadarin bikabonet, mai rage tsamin jini, a fitsari, kuma aikinta yana ɗaukar kwanaki, babu ƙarfin jikin da zai gaggauta shi. Ƙarin jajayen ƙwayoyin jini daga ɓargo kuwa sai an yi makonni. Shi ya sa nake ganin jagororinmu sun yi gaskiya da suka hana mu sauri, suka riƙa kai mu sama da rana, mu sauko mu kwana ƙasa. Na ga saurayi majiyin ƙarfi an sauko da shi yana amai da ciwon kai, alhali dattawan ayarinmu suna tafe a natse.

Abin da ya fi damuna game da mutanenmu shi ne sikila. Ƙarancin oksijin yana tayar da ciwon, har mai AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, saifarsa tana iya samun matsala a irin wannan tsayi, don haka kowa ya san ko jininsa na da sikila, ya ga likita tun kafin ya sayi tikiti.