Kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance

Sana'ata kiwon karnukan gadi da sayar da 'ya'yansu, a nan Agege nake, keji shida gare ni a bayan gida, yawanci irin da ake kira Alsashan ne, mai kunnuwa a tsaye, sai irin Bowabul kaɗan. Gadi ne ya fara kawo ni Legas, kuma a gidan da na yi aiki a Lekki na koyi kula da kare, tun daga wanka da cire kaska har na iya karɓar haihuwa.

Abin da ya fi jawo min rigima da kwastomomi ba kuɗi ba ne, kunne ne. Ko satin da ya wuce wani Alhaji mai harkar kayan gwari a Mile 12 ya turo min hoto ta WhatsApp ransa a ɓace, wai Malam anya wannan kwikwiyon da ka sayar min ba haɗi ba ne da karen gida, kunne ɗaya ya miƙe ɗayan ya faɗo kuma na dama ya fi na hagu girma. Na ce Alhaji watansa nawa yanzu, ya ce huɗu. Na ce don Allah a buɗe bakinsa a duba, sai ga shi haƙoran gaba sun zube.

To ai nan zancen yake. Alsashan da kunne a kwance ake haifarsa, guringuntsin ne ke yin ƙwari a hankali, kuma ba dole ba ne biyun su yi ƙwari rana ɗaya. Daga wata 3 zuwa 6 ko 7 yana famfara, haƙoran nono 28 su zube na manya 42 su fito, a wannan tsakanin kunnen da ya tashi jiya sai ka ga yau ya faɗi, wani ya karkata ciki ya jingina da ɗan'uwansa, wani ya yi gefe. Maganar girma kuwa yawanci ido ne kawai, wanda ya miƙe shi ake ganin ya fi tsawo, in ka shimfiɗa su biyun a hannunka kusan ɗaya suke. Kuma kunne kan riga kai girma, sai daga baya kan ya cimma shi. A abin da na gani dai, kunnen da ya taɓa tsayawa da kansa yakan dawo bayan famfara.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu zuwa kemis su sayo maganin kalsiyam su ɗura wa kwikwiyo. Wallahi cutarwa ce, kunne ba ƙashi ba ne, kuma yawan kalsiyam na lalata gaɓoɓin babban kare tun yana ƙarami, ka je gyaran kunne ka samu gurgu. Wasu kuma tun yana wata biyu sun naɗe shi da filasta, a wannan zafi da laimar Legas cikin kunnen ya jiƙe ya yi wari. Ni ba na ma maganar ɗauri sai ya kai wata 6 haƙora sun gama fitowa, shi ma likitan dabbobi ke yi ba ni ba.

Inda nake tsorata shi ne in yana yawan kaɗa kai da susa, ko baƙin datti a ciki, ko kunnen ya kumbura kamar an hura shi, wannan jini ne ya taru, a ranar za a kai shi asibiti. Sai ƙudan nan masu cin bakin kunne har ya yi gyambo, da tsutsar ciki mai hana shi cin moriyar abincinsa.

Shi Alhaji na roƙe shi ya hana yara jan kunnen da murza shi, a ba shi abin tauna, a ci gaba da abincin da na rubuta masa. Mun yi da yaronsa zai kawo min shi ranar Asabar in duba cikin kunnen da kaina, dama lokacin maganin tsutsarsa ya yi.