Asabar a sansani da akwatin wuta

Da na farka, kashi 64 na tarar a fuskar akwatin wutar, wato babban batirin da muke jona kayan lantarkinmu a sansani, alhali mun kwanta yana kan 97. Dare ɗaya ya cinye wajen Wh 330 ke nan daga cikin 1,000 da batirin yake ɗauka (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke tarawa). Kafin kowa ya fito daga tanti na zauna ina bin sawun wutar. Firjin mota ya kwana a kunne, ga ƙananan fanka biyu na USB, ga wayoyi huɗu a caji, ga fitila ɗaya da yara suka kafe sai an bar musu. Firjin ne ya fi kowa ci. Idan kwamfuresarsa ta tashi yana jan wat 45 ko kusa da haka, sai dai ba ya raba dare yana aiki. Ya yi gurnani na 'yan mintuna, ya yi shiru, ya sake tashi. In an baje aikinsa a kan awa goma bai fi wat 15 a tsakaice ba, wato Wh 150. Wayar salula mai batirin mAh 5,000 kuwa ba ta kai Wh 20 ba, saboda haka duk huɗun wajen rabin abin da firjin ya ci kawai suka ci, ko da yake su ake ta nunawa da yatsa idan caji ya yi ƙasa.

Ƙanena ya fito ya same ni a tsugune. Ya biyo mu wannan tafiyar ne musamman don ya ga yadda abin yake aiki kafin ya sayi nasa, kuma tun a mota yake nuna mini hotunan akwatuna a wayarsa. Ya miƙo mini wani tallan.

"Yaya, duba wannan, mAh 300,000 fa. Naka nawa ne?"

Na ce ya ninka lambar da 3.2, ƙarfin bolt ɗin ƙwayoyin batirin irin wannan, sannan ya raba da 1,000. Ya danna, ya samu 960. Na ce to, ɗan ƙasa da nawa ne. Masu talla suna son mAh saboda lambar tana da sifili da yawa, tana cika ido, amma ba ta gaya maka komai sai ka san bolt ɗin da ke bayanta. Lambobi biyu ne suka dame ni a jikin kwali, Wh da W, wato wat. Ka ɗauki akwatin tamkar tankin ruwa: Wh shi ne girman tankin, W kuma faɗin bakin famfon. Tanki na iya zama ƙato famfonsa siriri, kuma famfo na iya zama ƙato a jikin tankin da zai ƙafe cikin rabin awa.

Bai gama gamsuwa ba sai da butarsa ta koya masa. Ya zo da butar lantarki daga gida, a gindinta an rubuta wat 2,000, akwatina kuwa inbatarsa, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, 1,200 ce. Ina can ina warware faifan sola na ji akwatin ya yi ƙara sau biyu, fuskarsa ta nuna alamar lodi ya yi yawa, ya yanke wutar soket. Babu abin da ya ƙone, dama an yi shi ne ya kare kansa haka. Ƙanena ya ɗago kwalin da nake ajiye igiyoyi a ciki, ya ce ai ga shi an rubuta 2,400 a nan. Na ce wannan ta 'yan daƙiƙu ce, don abubuwa masu inji mai juyawa a ciki waɗanda ke fizgar wuta da ƙarfi lokacin tashi sannan su sauka. Buta ba ta sauka. Daga lokacin da ka danna ta har ruwan ya tafasa, 2,000 ɗin take nema.

Ko da inbatar za ta ɗauka ma, da ban bari ba. Ɗaga lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 zuwa 100 yana cin kusan Wh 87, kafin a saka asarar buta da ta inbata. A aikace sama da Wh 100 ne, kashi goma na batirin, a kan ruwan zafi na safiya ɗaya. Ƙaramin rishon gas ya yi mana aikin. Duk abin da aikinsa fitar da zafi ne, buta, dutsen guga, na'urar busar da gashi, ba abokin tafiyar akwatin wuta ba ne, sai in mutum ya yarda ya ɗauki mai nauyin da sai mutum biyu sun kama.

Da ya sake kunna ɓangaren soket don ya gwada cajar kwamfutarsa, ya cire ta ya tafi ya bar maɓallin a kunne. Na kira shi na nuna masa fuskar: babu komai a jone, amma awannin da akwatin ke cewa sun rage masa sun faɗi. Inbata tana cin wuta muddin tana kunne, ko da tana zaman banza ne, a akwatuna masu girman nawa yawanci wat goma ko fiye. Ka manta da ita ka kwanta, ka tashi an sace maka Wh ɗari ba ka ga ɓarawon ba. Shi ya sa firjina yake jone a ramin bolt 12, wayoyi da fanka a USB, kwamfuta a USB-C. Duk waɗannan wuta irin ta batir suke sha. Idan ka bi da su ta soket, akwatin ya juya wutar zuwa irin ta gida, caja kuma ta sake juya ta, kowane juyi da nasa ladan. Ta soket, daga Wh 1,000 abin da ke isa hannunka bai cika wuce 850 ba.

Faifan sola nawa mai naɗewa ne, wat 200 a rubuce. Da ƙarfe takwas yana ba da 40. Na jingina shi yana fuskantar gabas, na ja igiyar na kai akwatin ƙarƙashin bishiya, domin faifan ne ke son rana, batiri ba ya so. Wajen sha ɗaya da rabi ya kai 150, kuma iyakarsa ke nan yau. Ban taɓa ganin 200 ɗin ba, ba na kuma sa ran gani. Ana auna wannan lambar ne a ɗakin gwaji, da hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, faifan kuma yana digiri 25. A fili faifan yana yin zafi har ba ka son ɗora tafin hannu a kai, kuma duk digirin da ya hau sama da 25 yana zaftare masa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari.

Abin da ya fi burge yara shi ne wasan inuwa. Ƙaramar ta zo wucewa, inuwar kanta ta faɗa kan kusurwa ɗaya ta faifan, wurin da bai fi tafin hannu biyu ba, sai lambar ta zube daga 150 zuwa ƙasa da 90. Ta matsa, ta dawo. Ƙwayoyin faifan a jere suke kamar sarƙa, wadda ta shiga inuwa tana riƙe 'yan uwanta. Suka mai da abin wasa har sai da na kore su. Daga nan na riƙa tashi duk bayan awa ɗaya ko biyu ina juya faifan ya bi rana, ina goge ƙurar da iska ta watsa masa. Wannan tashi da zama shi ne ɓangaren da ba a nunawa a hoton talla, inda ake ganin faifai a shimfiɗe mutane na dariya a gefe.

Bayan azahar gajimare ya taso, lambar ta sauka 30, wani lokaci 18. Firjin kaɗai in ya tashi ya fi abin da ke shigowa. Na ce wa ƙanena ya lura da wannan fiye da komai. Girman batiri yana gaya maka dare nawa za ka iya yi, amma zaman da ya wuce kwana biyu ya dogara ne kan abin da kake iya mayarwa da rana. In kana cin 330 da dare da wani 250 da rana, faifanka kuma yana kawo 700 a yini mai kyau, kana tsaye. In yini ya zo da hadari ya kawo 250, ka fara cin jari. Kuma kafin ya sayi faifai dabam da akwatin, ya duba iyakar bolt da wat da ramin shigar sola yake karɓa. Wuce iyakar bolt na iya lalata na'urar cajin, wuce iyakar wat kuwa asarar kuɗi ce kawai, domin akwatin ba zai sha fiye da cikinsa ba.

Da la'asar wani dattijo daga tantin da ke gaba da mu ya zo da sallama. Ya ga akwatin tun jiya. Yana kwana da na'urar taimakon numfashi, kuma yana da tafiya a jirgin sama nan gaba, yana so ya san ko irin wannan zai shiga jirgi.

Na ce, "Baba, wannan kam ba zai shiga ba, ko a hannu ko a cikin kaya."

Ƙa'idar da kamfanonin jirage ke bi ita ce batirin lithium da bai wuce Wh 100 ba ana shiga da shi a jakar hannu. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin. Abin da ya haura 160 ba ya bin fasinja. Wannan ne dalilin da ya sa ake yawan ganin fawa-bank mai mAh 27,000: a bolt 3.7 ya kama Wh 99.9, daf da bakin layi. Na ba shi shawarar ya tuntuɓi kamfanin jirgin tun da wuri tunda na'urarsa ta lafiya ce, ya kuma duba takardarta ya ga ko tana da igiyar bolt 12 ko 24. Na gaya masa ɓangaren da ke ɗumama ruwa a na'urar ne ke shan mafi yawan wutar, amma batun kashe shi sai ya tambayi likitansa. Shi ma ya ƙara mana wani abu: ya daina zuwa da janareta ne ba don ƙara kaɗai ba, sai don hayaƙin. Iskar carbon monoxide ba ta da wari, ba ta da launi, kuma janareta kusa da tanti ta sha kashe mutane a cikin barci. Akwatin batir ba ya fitar da ita, kana iya kwana da shi a gefen kanka, in dai ba ka toshe masa ramukan shan iska da bargo ba.

Bayan ya tafi muka koma kan hotunan ƙanena. Biyu suka rage masa, girmansu kusan ɗaya, ɗayan ya fi sauƙin nauyi. Na ce ya duba irin batirin. Mai sauƙin nauyin NMC ne, ɗayan LiFePO4, nau'i biyu ne na batirin lithium masu ɗauke da sunan sinadaran da ke cikinsu. Na farkon yana tara wuta mai yawa a ƙaramin jiki, amma masu ƙera shi yawanci suna ba shi zagayen caji 500 zuwa 800 kafin ƙarfinsa ya sauka zuwa kashi 80. Na biyun ana ba shi 3,000 ko fiye, kuma ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta. Tawagar John Goodenough a Jami'ar Texas ce ta bayyana wannan sinadari a 1997, shi kuma ya samu kyautar Nobel a 2019 yana da shekara 97, tare da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kan batirin lithium gaba ɗaya. A ganina ƙarin kilo biyu ko uku bai kai a yi musu a kai ba ga wanda mota ce za ta ɗauki kayan. Wanda zai goya a baya ya hau dutse kuwa, ba akwati yake buƙata ba tun farko, fawa-bank biyu sun ishe shi. Na ce ya tabbata an rubuta "pure sine wave" a bayanin inbatar, wato mai ba da wuta mai santsi irin ta gida, domin ɗaya nau'in mai arha yana sa injinan cikin na'urori su yi zafi da gurnani, wasu na'urori ma su ƙi tashi.

Ya tambaya ko ya ninka girman kawai ya huta da lissafi. Na ce ya ɗaga nawa tukuna. Ya kama hannun ya ɗaga, kilo goma sha biyu ne ko kusa, ya kai shi bakin mota ya dawo yana sauya hannu. Mai Wh 2,000 yakan kai wajen kilo ashirin. Na ga mutanen da suka sayi irinsa, bayan tafiya ta farko ya koma zaman lungu a gida saboda babu mai son fito da shi. Na ba shi takarda ya rubuta kayan da zai riƙa jonawa da gaske, kowanne da wat ɗinsa da awanninsa. Ba shi da firji, ba ya kuma shirin saye. Wayoyi biyu, kwamfuta mai batirin Wh 60, fanka ɗaya, fitila, kyamara. Ya tara ya samu ƙasa da 250 a yini. Na ce ya ƙara kashi 30 saboda asara da ranar hadari. Mai Wh 500 zai yi masa yalwa, kuma hannu ɗaya ne.

Rana ta ɗan leƙo kafin ta faɗi, amma ba ta biya bashin gajimare ba. Gobe da safe za mu tashi, tafiyar wajen awa huɗu ce, saboda haka mota za ta cike gurbin. Ramin sigari na mota bolt 12 ne, yawanci ana iyakance shi a amp 10, abin da ke shiga akwatin bai cika wuce wat 100 ba, wato kusan Wh 400 kafin mu isa. Na riga na fito da igiyar na ajiye a kujerar gaba. Na ja kunnen ƙanena, tunda shi zai tuƙa, cewa duk inda muka tsaya ya kashe inji ya zare ta, domin wasu motocin ba sa yanke wutar ramin, akwatin zai yi ta tsotsar batirin mota har ta ƙi tashi. Kuma ba za a bar shi a rufaffiyar mota cikin rana ba, ko don shiga wani wuri na ɗan lokaci ne. Ya ce ya ji. Yanzu haka yana waje da tocila yana karanta ƙananan rubutun da ke bayan cajar kwamfutarsa, yana so ya tabbatar wat 65 ce ko 90.