Wat dubu a kwali, nawa ne a mota?

Makon jiya ƙanena ya sayo amfilifaya ta mota, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a Kasuwar Dole, kwalinta ɗauke da wat 1000 da manyan baƙaƙe, ya kawo mini ita yana ta murna. Abin da na fara dubawa shi ne fis ɗin da ke jikinta, na ga na amfiya 20 ne. Idan injin mota yana aiki, batir yakan kai kusan bolt 14.4, don haka wutar da za ta iya ja ba ta wuce wat 288 ba, wato amfiya 20 sau bolt 14.4, kuma amfilifaya irin wadda ake kira ajin AB tana ɓarnar da kusan rabin wannan a matsayin zafi, abin da zafin ranar Damagaram ba ya taimaka masa ko kaɗan.

Daga nan muka cire lasifika, muka ɗaura mata rizisto mai om 4, wato abin da zai shanye wutar a madadin lasifikar, muka saka sauti ɗaya tilo na hats 50, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, muna ƙara murya a hankali har dab da inda yake fara gurɓacewa. Mita ta nuna bolt 24. Don a san wat nawa ke fita, aka ninka 24 sau 24, aka raba da om 4 na rizisto, sai ga wat 144. Ƙanena ya daɗe yana kallon kwalin.