Nawa iri biyu da na gani a wasan Red Dead Redemption 2

Na buga Red Dead Redemption 2, wanda ya fito a watan Oktoba na 2018, daga farkonsa har ƙarshe a kan PlayStation 4, kuma a nan na fahimci cewa abin da masu wasan bidiyo suke kira nawa, wato rashin sauri, ya kasu gida biyu. Labarin yana farawa ne a shekarar 1899, lokacin da gungun 'yan fashin Dutch van der Linde suka gudu cikin tsaunukan Amurka, inda Arthur Morgan, ɗan gungun da mai wasa yake sarrafawa, yake kutsawa cikin dusar ƙanƙara, doki ma da ƙyar yake ɗaga ƙafa. Mutane da yawa a nan suke ajiye wasan, kuma ban ga laifinsu ba, musamman wanda ya sayi fetur ya tayar da janareta domin ya samu awa ɗaya ta nishaɗi.

Nawa ta farko da gangan aka saka ta. Idan Arthur ya harbi barewa, sai ya durƙusa ya zaro wuƙa, ya feɗe ta a gaban idonka, ya naɗe fatar, sannan ya ɗora ta a bayan sirdi. Idan ya shiga gida neman kaya, durowa ɗaya bayan ɗaya yake buɗewa, a cikin sansani kuwa ba a barinsa ya yi gudu sam. Wannan jan ƙafar shi ya sa na riƙa tsayawa bakin wuta da daddare ina sauraron hirar mutanen Dutch, har na san halin kowannensu, shi ya sa lokacin da gungun ya fara watsewa abin ya taɓa ni ƙwarai. Doki ma haka ne, domin wanda ka daɗe kana ciyarwa kana goge masa jiki ba za ka so a harbe shi ba.

Ta biyun kuwa nauyin sarrafawa ne, wato ka danna madanni amma sai bayan ɗan lokaci Arthur ya motsa, kuma wannan ban same shi da wani amfani ba. Wasan yana nuna hotuna 30 ne a kowace daƙiƙa a wannan na'ura, ga shi kuma sai mutumin ya kammala motsin da ya fara kafin ya karɓi sabon umarni, abin da yake cutarwa idan harbi ya kaure a cikin garin Valentine. Na rage matsalar da na mayar da talabijin kan tsarin wasa, wanda yake rage jinkirin fitowar hoto, sannan na sauya saitin gudu domin in daina dannan madanni babu ƙaƙƙautawa.

Doguwar tafiya ma tana da magani. Idan ka sa alama a taswira ka kunna kyamarar kallo, doki zai bi hanya da kansa, kuma bayan ka biya kuɗin gyaran masaukin Dutch da na Arthur a littafin sansani, za ka iya isa wasu garuruwa nan take. Duk da haka ba kasafai na yi amfani da wannan isa ta nan take ba, saboda a kan hanya ne ake cin karo da wanda maciji ya sara yana neman taimako, ko 'yan O'Driscoll, abokan gabar gungun Dutch, sun yi kwanton ɓauna a bakin gada.