Akuyata da ƙarancin jini

Jiya likitan dabbobi ya zo duba akuyata da ta rame, ya ja fatar idonta ta ƙasa, wallahi fari fat ba alamar ja. Ya ce tsutsar ciki ce ke shanye mata jini. Na ce to a yi mata allurar ayon, wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kawai mana, sai yake min bayani wai ƙoda ce ke sakin sinadarin eritirofoyetin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, ita kuma hanta in jiki na fama da ciwo sai ta saki wani sinadari da ake kira hefsidin ya tare ayon ɗin tun daga hanji, ikon Allah! Don haka maganin tsutsa tukuna. Kumburin haɓarta ne dai har yanzu ke damuna.