Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Magarya a Tsakar Gida

Makon jiya na tsaya a inda muka tare a sabon gidanmu na Maraɗi bayan Malam ya yi ritaya. Gida fayau, ko tsiro babu, sai rairayi. Maƙwabta kowa ya dasa dogon yaro da furannin da ake sayarwa a leda, masu neman ruwa safe da yamma. Ni kuwa magarya nake so, irin wadda muka taso muna tsintar 'ya'yanta a bayan gari, a daka a yi akuri.

Malam ya ce, "Hajiya, ƙaya a tsakar gida? Ga jikoki suna zuwa?"

Na ce, "Malam, a ba ni lungun bayan rumbu kawai."

Ƙwallon magarya tauri gare shi, sai da na fasa shi a hankali na ciro ƙwayar, na shuka ta da farkon damina a inda nake so ta zauna, domin saiwarta zurfi take yi, ba ta son a yi ta ɗaga ta. Na kewaye ta da kara saboda awaki. Da ta kafu, ban ƙara wahalar ban ruwa ba.

Mutane ba sa tsayawa su kalli magarya, shi ya sa ba su san kyanta ba. Ganyenta sama kore ne mai sheƙi, ƙasa fari-fari, idan iska ta kaɗa sai dukan bishiyar ta sauya launi. Ƙayarta bibbiyu ce a gindin ganye, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiya, ita ce mai kama zane. Furenta ƙanana ne, amma zuma ba ta barinsu. Da sanyi ya shigo 'ya'ya suka nuna, suka yi ja. Bayan na gama tsinka nakan sassabe rassan ƙasa, saboda sabon reshe ne ke yin fure, kuma yara su wuce ba tare da ƙaya ta taɓa su ba.

Har maƙwabta suka fara aiko yara neman ganye, wani na ruƙiyya, wani na wankan gawa.

Sai wata rana ƙanen Malam ya zo daga Yamai da labarin cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, inda ake aurar da magaryarmu da irin Indiya, wato a haɗa reshen ta Indiya a jikin tamu, ta ba da manyan 'ya'ya da ake kira tuffar Sahel. Ya ce sai an sare tawa kusan daga gindi kafin a yi mata auren. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.