Yadda na zana tsaunin Stetind da salon kubizim

Stetind yana arewacin Norwe, ya tashi daga bakin ruwa zuwa kusan mita 1,400, dutse ne sul, kansa a daddatse. Na zaɓi ƙarshen hunturu, wajen Afrilu, saboda lokacin ne dusar ƙanƙara ke zamewa daga ɓangarorin da suka miƙe tsaye, ta maƙale a kwazazzabai. Tsaunin da kansa ya rabu fari da baƙi, rabin aikin kubizim ke nan, wato salon zanen da ake farfasa abu zuwa fasali-fasali masu kusurwa, kamar ana kallonsa ta ɓangarori da dama a lokaci ɗaya.

Kyallen zanen santimita 60 da 80 ne. Na fara shafe shi da toka-toka tsararo, don a kan farin kyalle ba ka iya gane hasken ƙanƙara. Na ɗauki hotuna uku na tsaunin, ɗaya daga ruwa, ɗaya daga gefe, ɗaya daga sama, na ɗora layukansu kan juna da gawayi. Sai a kaɗe gawayin da tsumma kafin a taɓa fenti, in ba haka ba ya dame da fari ya koma dauɗa.

Fentin akirilik kala huɗu ya isa: fari, shuɗin altramarin, jar ƙasa da rawaya mai duhu. Shuɗi da jar ƙasa daidai wa daida suna ba da launin jiƙaƙƙen dutse, wanda ya fi baƙin kwalba rai. Inuwar ƙanƙara kuwa fari kashi biyar, shuɗi kashi ɗaya. A dama shi ya ɗan fi yadda ake so haske, akirilik yana ƙara duhu in ya bushe.

Inda aikin yake shi ne gefunan fasalin. Kowane fasali na ja masa gefe biyu da kaifi da burushi mai faɗi, na bar na uku a buɗe, launin ya zarce cikin maƙwabcinsa tun fentin yana ɗanye. Haka Georges Braque, mai zanen Faransa da ke cikin waɗanda suka fara kubizim, ya yi wa gidajen ƙauyen L'Estaque na kudancin Faransa a zanensa na 1908. In ka rufe kowane gefe, kuma girmansu ya zo ɗaya, tayil ɗin banɗaki za ka samu. Shi ya sa na bar manyan fasali uku a ƙirjin tsaunin, ƙananan suka taru a gindi inda ruwan narkewa ke gangarowa.

Sama ma a farfasa ta, amma da sauƙi. Tsantsar fari wuri biyu kawai na sa, a ƙarshe, da kauri.